Gini ɗaya, masu shi goma: Wa zai biya idan gobara ko ambaliya ta auku a Wudil?

Duk wanda ya daɗe bai bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ba, idan ya tsallake gadar Wudil yau zai ga garin ya canja kama. Inda a da ake ganin rumfunan kwano da shagunan ƙasa, yanzu jerin shagunan bulo ne, wasu da bene a kansu. A unguwannin da ke kusa da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote kuwa, gidajen haya na ɗalibai ne ke ta tashi, ɗaki na manne da ɗaki.

Abin da ido ba ya gani shi ne yawancin irin waɗannan gine-gine ba na mutum ɗaya ba ne. Wani ya gina jerin shaguna ya sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya rasu, magada suka raba gidan ɗaki-ɗaki. Wani kuma ya mallaki ƙasa, ɗan'uwansa ya zuba dekin ya yi nasa ginin a sama. Kowa na riƙe da mukullin ɓangarensa, amma harsashi ɗaya ne, rufi ɗaya, wayarin ɗaya, sokawe ɗaya.

Muddin ana zaman lafiya, babu mai tambayar wa ke da rufin. Ranar da wuta ta tashi daga shago na uku ta cinye har na takwas, ko ruwa ya ci tushen ginin katanga ta tsage, a ranar ce tambayar ke tasowa, kuma sau da yawa a gaban mai unguwa ko alƙali ake neman amsarta.

Tsohuwar matsala ce

A ƙasashe irin su Amurka da Kanada, gidajen bene da ake sayarwa sashe-sashe suna da dokokinsu na musamman. Mutum na mallakar cikin sashensa, sannan shi da maƙwabtansa su mallaki matakala da rufi da harsashi tare, ƙarƙashin wata ƙungiya da kowane mai sashe ke cikinta dole. Inshorar ma gida biyu ce. Ƙungiyar na yanka babba wadda ta rufe ginin gaba ɗaya, kowane mai sashe kuma ya yanki tasa ƙarama domin abin da ke cikin sashensa.

Ana iya ɗauka wannan tsarin Turawa ne da bai shafi Wudil ba. To amma malaman fiƙihun Malikiyya sun yi magana a kan gini mai masu shi biyu tun fiye da shekara dubu da suka wuce. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, littafin da kusan kowace makarantar zaure a ƙasar Hausa ke karantarwa, an yi bayanin hukuncin gidan da wani ke da ƙasa wani ke da sama. Gyaran ƙasa a kan mai ƙasa yake, haka ma itacen da ke ɗauke da rufinsa, kuma idan ƙasan ya raunana ya ƙi gyarawa, a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara.

Hukuncin ya faɗi wanda nauyi ke kansa. Abin da bai iya samarwa ba shi ne kuɗin. Idan mai ƙasan ɗan tireda ne da jarinsa ya ƙone tare da shagon, tilasta masa gyara ba zai fito da buhun siminti ko ɗaya ba, kuma mai sama zai zauna yana kallon ɗakunansa babu mai iya shiga. Wannan giɓin ne inshora ke ƙoƙarin cikewa.

Haɗarin da ke bakin ƙofa

Wudil ba ta buƙatar a ba ta labarin ruwa. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa ne kafin su iso garin, su zama kogin da ke wucewa zuwa Haɗeja. A saman kowannensu akwai babbar madatsa: Tiga da aka kammala a 1974, da Challawa da aka kammala a 1992. Shekarar da damina ta yi ƙarfi madatsun suka cika, garuruwan da ke bin kogin ne ke karɓar ragowar. Ambaliyar 2001 da ta raba dubban mutane da gidajensu a jihohin Kano da Jigawa ta shafi yankin Wudil, kuma har yanzu kusan kowace damina sai an ji gargaɗin hukumomi ga mazauna bakin kogi.

Gobara kuwa ba ta da lokaci, duk da cewa ta fi yawa da hunturu. A watan Maris na 2016 wuta ta cinye shaguna fiye da 3,000 a kasuwar Sabon Gari da ke Kano. A 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a watan Janairu, ta Katsina ta bi baya a watan Maris. A Fabrairun 2023 kasuwar Monday ta Maiduguri ta kama. A watan Agustan 2022 kaɗai, ruwa ya shiga shagunan Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadudduka masu ɗimbin yawa, sannan wani bene da ake cikin aikin gininsa ya rufta kan mutane a titin Beirut, inda ake hada-hadar wayoyi.

A duk waɗannan, abin da ya biyo baya iri ɗaya ne: ziyarar jaje, kwamitin tallafi, gudummawar gwamnati da ta attajirai, sai kuma doguwar jira. Tallafi alheri ne, amma ba haƙƙi ba ne. Ba wanda zai iya kai ƙara don bai samu ba, kuma idan aka raba shi tsakanin mutum dubu, abin da ke isa hannun kowa ba ya tayar da katanga. Shagunan da ke gefen titi a gari kamar Wudil ma ba su cika samun wannan gatan ba, domin gobarar shago shida ba ta kai gwamna ya zo jaje.

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa ba su san cewa inshorar irin waɗannan gine-gine wajibi ce a dokar Najeriya ba. Sashe na 65 na Dokar Inshora ta 2003 ya tilasta yi wa duk ginin da jama'a ke amfani da shi inshora saboda rushewa da gobara da girgizar ƙasa da guguwa da ambaliya. Kuma da dokar ta zo fassara ginin jama'a, ba ta tsaya kan ofisoshin gwamnati ba. Ta haɗa da gidan haya, da masaukin ɗalibai, da duk ginin da mutane ke shiga domin karatu ko magani ko ciniki. Ke nan gidan hayar ɗalibai a Wudil da jerin shagunan da ke bakin tasha duk suna ciki. Sashe na 64 kuma ya wajabta inshora ga bene mai hawa fiye da biyu tun yana kan gini.

A watan Agustan 2025 fadar shugaban ƙasa ta sanar da cewa Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003. Sabuwar dokar ta bar wannan wajibci a kan gine-gine, ta kuma ɗaga mafi ƙarancin jarin da kamfani zai mallaka, inda na inshorar dukiya ya koma naira biliyan 15.

Sai dai akwai abin lura a nan, wanda kan ruɗar da mutane. Inshorar da doka ta wajabta an yi ta ne musamman domin wasu, ba domin mai ginin ba. Ita ce ke biyan diyyar ɗan haya ko mai ciniki ko mai wucewa da ginin ya raunata, ko ya kashe, ko ya lalata masa dukiya. Kamar dai inshorar mota ta naira 15,000 da direbobi ke yanka, wadda ke biyan wanda aka buge amma ba ta gyara motar mai ita. Wanda ke son a sake gina masa shagonsa ko a maido masa da kayansa, sai ya yanki wata daban.

Maganar aiwatar da dokar kuwa, kowa ya san halin da ake ciki. An fi ganin ƴan sanda na tambayar takardar inshorar mota a kan titi, ba a cika jin an tambayi mai gidan haya tasa ba. Harkar inshora gaba ɗayanta ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arziƙin Najeriya ba.

Ina nawa ya tsaya, ina namu ya fara?

A ɗauka akwai jerin shaguna goma a ƙasa, da ɗakunan haya a sama, kuma masu su mutum takwas ne. Dukiyar da ke wurin ta kasu kashi uku, ko da masu ita ba su taɓa zama sun kasa ta ba.

Akwai gangar jikin ginin, wato harsashi da ginshiƙai da dekin da rufi da matakala da katangun da ke tsakani. Wannan na kowa ne, kuma babu hikima a ce kowa ya yi wa nasa yanki inshora shi kaɗai. Idan mutum uku suka yi, biyar ba su yi ba, wuta ta ci rufin duka, kamfani zai biya ukun gwargwadon rabonsu ne kawai. Kuɗin ba zai rufe ginin ba, kuma ba a rufa kashi uku cikin takwas na kwano. Wanda ya biya kuɗinsa shekara da shekaru zai tsinci kansa yana jiran maƙwabcin da bai taɓa biyan ko kwabo ba. Shi ya sa gangar jikin ke buƙatar takarda ɗaya, da sunayen masu ginin duka a jikinta, a raba kuɗin gwargwadon girman rabon kowa.

Sai abin da mutum ya ƙara a ɓangarensa: tayil, silin, kanta, ƙofar ƙarfe, na'urar sanyaya ɗaki, farantan sola da batura. Babbar takardar ba lallai ta rufe waɗannan ba, sai an rubuta su. Mai kemis da ya kashe miliyoyi wajen gyara cikin shago yana iya samun an maido masa da bulo da kwano kawai.

Na uku su ne kaya. Hajar da ke shago da sito, ko katifa da kwamfutar ɗalibi. Nan ne ƴan haya suka fi yin kuskure, domin suna zaton inshorar mai gida ta haɗa da su. Ba ta haɗa ba. Ƙa'idar inshora ita ce mutum ba ya yi wa abin da ba shi da haƙƙi a kansa, don haka mai gida ba zai karɓi diyyar buhunan shinkafar ɗan hayarsa ba, shi ma ɗan hayan ba zai karɓi ta ginin ba.

Akwai kuma abu na huɗu da ba a iya taɓawa da hannu, wato alhaki. Idan mai cajin waya ya bar soket a kunne, aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare ta kama, ta shiga shagon mai yadi, wa zai biya mai yadin? Idan bututun banɗakin sama ya fashe ruwa ya zubo kan garin fulawar mai shagon ƙasa fa? A al'ada akan ce ƙaddara ce, a yi haƙuri, kuma sau da yawa ana yafewa. Amma yafiya na da sauƙi ne idan asarar ta dubu hamsin ce. Idan ta kai miliyan ashirin, kuma kayan na bashi ne daga wani dila a kasuwar Singa, zumunci kan yi rauni.

Ko a inda tsarin ya kafu ana shan mamaki. A ranar 24 ga Yunin 2021 wani bene mai hawa 12 ya rushe a garin Surfside na jihar Florida a Amurka, mutum 98 suka mutu. Tun a 2018 wani injiniya ya gargaɗi masu ginin kan lalacewar kankare, amma aka daɗe ana ja-in-ja kan kuɗin gyara da ya kai kusan dala miliyan 15, wanda za a raba tsakaninsu. Bayan rushewar, inshorar ginin ba ta kai ko kusa da girman asarar ba, sai da aka sayar da filin a kan dala miliyan 120 aka kuma yi doguwar shari'a. Gardamar da ta jinkirta gyaran irin wadda ake yi ce a kowane gidan gado: kowa ya yarda rufi na yoyo, amma wanda ruwan bai sauka a ɗakinsa ba ba ya gaggawa.

Batun halacci

Ba za a yi maganar inshora a Wudil a tsallake wannan ba. Mutane da yawa sun guje ta ne ba don rashin kuɗi ba, sai don malamai sun yi magana a kanta. Kuma maganar na da tushe. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba da ita ba ta halatta ba, saboda garari, wato rashin tabbas mai yawa da ke cikin cinikin. To amma a wannan hukuncin dai majalisar ta halatta inshorar taimakekeniya, wadda aka gina kan gudummawa.

Ita ce ake kira takaful. Kamfani na farko irin wannan an kafa shi ne a Sudan a 1979. A Najeriya hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma a 2016 ta ba kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. Wasu sun biyo baya, ciki har da Salam Takaful.

Bambancin shi ne kuɗin da mutum ya biya ba na kamfani ba ne. Yana shiga asusun mahalarta a matsayin gudummawa, daga nan ake biyan wanda asara ta samu. Kamfanin wakili ne da ke karɓar ladan kula da asusun, ba ya juya kuɗin a harkar ruwa, kuma akwai kwamitin malamai da ke sa ido. Idan shekara ta ƙare aka samu rara, ana iya raba wa mahalartan da ba su karɓi diyya ba. Ɗan kasuwar da ya saba da adashi, ko da karo-karon da ƴan layi ke yi wa wanda ya yi gobara, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Abin da takaful ta ƙara shi ne yawan mahalarta. Asusun ƴan layi ɗaya yana ƙarewa ne ranar da layin gaba ɗaya ya ƙone, domin masu ba da gudummawar su ne masu neman ta. Asusun da ya haɗa Wudil da Legas da Fatakwal ba ya ƙonewa rana ɗaya.

Inda ake faɗawa rami

Ƙorafin cewa kamfanonin inshora ba sa biya ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, an sha samun masu jan ƙafa. Amma wani kaso na rigingimun daga takardar da ba a karanta ba yake fitowa.

Mafi girma shi ne rage ƙima. A ce sake gina jerin shaguna zai ci naira miliyan 40, amma masu shi suka rubuta miliyan 20 don kuɗin shekara ya yi sauƙi. Wuta ta yi ɓarnar miliyan 10. Za su zaci za a biya su goman cif, tunda ba ta kai ashirin ba. Ba haka lissafin yake ba. Kamfani zai ce rabin ginin aka yi wa inshora, don haka rabin asarar zai biya, wato miliyan 5. Wannan tarkon ya ƙara zurfi tun daga 2023, lokacin da darajar naira ta faɗi, farashin siminti da rodi da kwano ya yi tashin gwauron zabi. Ƙimar da aka rubuta shekara uku da suka wuce ba ta gina rabin abin da take ginawa a da. Kuma abin da ake rubutawa shi ne kuɗin sake gini, ba kuɗin da za a sayi wurin ba, domin fili ba ya ƙonewa.

Na biye da shi ya fi shafar Wudil kai-tsaye. Takardar gobara zalla ba ta biyan ɓarnar ambaliya ko iska. Sai an nemi a ƙara su a rubuce, kuma kamfani na iya ƙara kuɗi idan ginin na kusa da kogi. Sata ma takardarta daban ce, kuma galibi sai an ga alamar fasa ƙofa ko rufi kafin a biya.

Sannan akwai faɗin gaskiya. Idan ɗaya daga cikin shagunan ana ajiye jarkokin fetur ko ana ɗura gas a cikinsa, aka ɓoye wa kamfani, hakan na iya ɓata takardar kowa da kowa, har da na mai sayar da hula da bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka idan shagon da aka rubuta na tela ne ya koma wurin walda ba a sanar ba. A gini mai masu shi da yawa, sana'ar maƙwabci ba ruwansa ba ce shi kaɗai.

Tun daga Janairun 2013 NAICOM ke aiwatar da ƙa'idar cewa idan ba a biya kuɗi ba babu inshora. Alkawarin "zan kawo ranar Juma'a bayan kasuwa" ba ya aiki a nan. Idan aka damƙa wa mutum ɗaya tara kuɗin, ya riƙe yana jiran ragowar mutum biyu su cika, wa'adi ya wuce da kwana ɗaya, duk ginin a buɗe yake.

Ga mai haja kuma, hujja ce kan gaba. Jami'in da kamfani zai turo ya ƙiyasta asara ba zai karɓi rantsuwa a madadin rasit ba. Ɗan kasuwar da littafin cinikinsa ke cikin durowar shagon da ya ƙone ya rasa kaya ya rasa shaida. Ɗaukar hoton rasit da na kantoci da waya duk ƙarshen wata, a tura wa wani ɗan'uwa ta WhatsApp, ya wadatar a mafi yawan lokuta.

Kafin a je wurin kamfani

Aikin farko ba na kamfani ba ne, na masu ginin ne. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, takardar shaidar mallaka da gwamna ke bayarwa kan fito ne da sunan mai filin gaba ɗaya. Wanda ya sayi shago ɗaya a ciki yawanci takardar ciniki kawai yake riƙe da ita, mai sa hannun shaidu da mai unguwa. A gidan gado ma wani lokaci ko wannan babu, sai dai kowa ya san ɗakinsa. Idan aka yanki inshora da sunan mutum ɗaya, shi kamfani ya sani, kuma asusunsa kuɗin zai shiga.

Don haka ana buƙatar rubutacciyar yarjejeniya tsakanin masu ginin, ko da shafi biyu ce, wadda lauya ko kotu ta shaida. Ta faɗi rabon kowa, da abin da ake tarayya a kai, da wanda zai riƙa karɓar kuɗi yana biya, da matakin da za a ɗauka kan wanda ya ƙi biya. Ta kuma faɗi abu mafi wuya: idan diyya ta fito, gini za a sake yi ko rabawa za a yi? Mai shagon da ke cin abinci a wurin zai so a gina. Magajin da ke zaune a Abuja, wanda rabonsa ɗaki ɗaya ne, zai iya cewa a ba shi nasa a hannu.

Wudil ba ta kai kilomita 50 daga Kano ba, inda kamfanonin inshora da na takaful da dillalansu ke da ofisoshi. NAICOM na wallafa sunayen kamfanoni da dillalai masu lasisi a shafinta na intanet, kuma tana da sashen karɓar ƙorafi ga wanda aka hana haƙƙinsa. Kuɗin a biya shi ta asusun kamfanin, ba na wanda ya kawo fom ba, a kuma karɓi cikakkiyar takardar yarjejeniya, ba rasit kaɗai ba. Shafin da ya fi cancantar a zauna a karanta, ko a sa wani ya fassara, shi ne wanda ya lissafa abubuwan da kamfanin ba zai biya ba.